Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma har na haura shekara arba'in da biyar ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Wanda ya tashi a Fagge ba zai ga abin mamaki a nan ba, alkunya ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ma baƙo ya tambaya sai ta ce ba nata ba ne. Matan layinmu da yawa sun sassauta da zamani ya juya, har akwai masu rungume ɗan fari a ɗauke su hoto a waya. Inna kuwa ta riƙe abin da hannu bibbiyu, kamar ita kaɗai aka bar wa gadonsa.

Kakanninmu daga Barno suka zo tun ba a haifi Baba ba. Barbarcin ya daɗe da gudu daga bakinmu, sai gaisuwa da zagi guda biyu, amma sana'ar turaren wuta ta zauna, kuma Inna ce gwanarta a duk unguwar. Da aka yaye ni sai aka kai ni Rijiyar Lemo wurin kakata ta wajen uba, na zauna can har ta rasu ina shekara goma sha ɗaya. Na dawo gidanmu da ƙullin kayana, na tarar da ƙanne huɗu da wata doguwar mace mai ƙamshin sandal wadda ba ta kallon fuskata. Tun daga ranar na zama "ta Rijiyar Lemo". Ina tsaye a gefenta, har mayafinta yana taɓa ni, sai ta ce wa ƙanena, "Ka ce wa ta Rijiyar Lemo ta sauke tukunyar nan." In mu biyu ne kawai a tsakar gida sai ta ce "ke", tana kallon bango.

Ba zan zalunce ta ba. Na san abin da shirun nan yake nufi, an gaya mini tun ina ƙarama, kuma na gani da idona. Bayan rasuwar Baba ba a yanke wata magana a gidanmu sai na zo. Ko rigimar aure ce, ko gyaran soro, ko wanda za a ba hayar shagon ƙofar gida, amsar Inna ɗaya ce: "A jira ta Rijiyar Lemo." Makullin akwatinta mai takardun gida a jakata yake zama. In ta soya sabon turare, ni take tura wa kaskon da ƙafa ba tare da ta dube ni ba, in na yatsina fuska ba ya fita kasuwa. Duk wannan na sani, amma sanin bai taɓa ƙosar da ni ba.

Abin ya fashe ne shekarar da Inna ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Na rufe shagona na kwanuka da tangaran da ke Kasuwar Sabon Gari, na tare a asibiti sati shida. Ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce zubar da fo. Wata rana da hantsi ina yanke mata farce, matar gadon da ke kusa da mu ta ce, "Hajiya, wannan 'yarki ce? Kai, Allah ya ba mu irinta." Inna ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "A'a, ta tsohuwar gidanmu ce, Allah ya ji ƙanta. Ga dai 'yata nan shigowa." Autarmu ce take shigowa, da filas a hannu da sabon lalle a ƙafa, bayan kwana huɗu ba a ga ƙeyarta ba. Matar ta gane, ta yi dariya, ni ma na yi. Sai na ɗauki fo na nufi famfo, can na tsaya ruwa yana zuba a hannuna, numfashina ya ƙi fita. Na ji haushi irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji kunyar jin haushin.

Inna ta warke ta koma gida, ni kuma ciwo ya biyo ni shago. Ina cikin ciniki sai ƙirjina ya ɗaure, zuciyata ta hau bugu, gumi ya keto mini, in zauna a kan kwalin faranti har abin ya wuce. An auna jini, an ɗauki hoton ƙirji, an ce ba hawan jini ba ne, ba olsa ba ce. Na sha rubutu, na sha tofi, na yi hayaƙin habbatussauda har idona ya yi ja. Maigidana, mutumin kirki ne amma maganarsa ba ta wuce kalma uku, ya ce in rage tunani. Na ce masa ya nuna mini inda ake murɗawa ya ragu.

Maƙwabciyata a kasuwa wata Bayarabiya ce mai sayar da robobi, haifaffiyar Sabon Gari, duk layin Iya muke ce mata. Ita ta gaji da yi mini fifita da murfin bokiti. Ta ce, "'Yar wana tana aiki a wani asibiti nan baya. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, magana kawai ake yi da ita."

Na ce, "Haba Iya, in yanki kati don in yi magana? Mu da muke zuba tun safe har la'asar kyauta?"

Ta ce, "Shekara goma sha biyu muna zubar, me kika taɓa gaya mini?"

Sati na zagayowa na tafi.

Asibitin ƙarami ne, bene hawa ɗaya a wani lungu na Sabon Gari, tsakanin mai gyaran janareta da wani coci. Ɗakinta a sama yake, ƙofa da ƙofa da na likitan ƙwaƙwalwa wanda yake zuwa ranar Alhamis kawai, kuma benci ɗaya marasa lafiyarsu suke zama. Ni ranar Talata aka ba ni. Yarinya ce, ko autarmu ta girme ta, da ɗan hijabi da tabarau, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. A raina na sa mata suna likitar magana. Ba abin awo a ɗakin, sai kujeru biyu da fanka da agogon bango. Ta ce yaya nake, na ce lafiya lau. Yaya gida, lafiya lau. Yaya kasuwa, alhamdu lillahi. Sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya, mun gama gaisuwa. Yanzu yaya kike?"

Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa yi mini wannan tambayar sau biyu ba. Mu in an ce yaya kake, ba tambaya ba ce, kuma wanda ya ɗauke ta tambaya ya fara lissafo ciwonsa sai a ce ba shi da godiyar Allah. Na zauna ina kallon fanka. Zuwa uku na yi ina kewaye-kewaye, ina ba ta labarin tsadar kaya da halin 'yan dako, ita kuma tana saurare kamar ina karanta mata wani abin kirki. A zuwa na huɗu ta ce, "Wa kike so ya san irin wahalar da kike sha?" Kafin in yi tunani bakina ya ce Inna. Daga nan na kwance mata komai, tun daga ƙullin kayan Rijiyar Lemo har famfon asibiti.

Na gama ina jiran ta ce in yi haƙuri. Shi kowa yake cewa, ni ma shi nake ce wa mutane, don kalmar tana rufe magana a tashi lafiya. Ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Abin nan da ciwo. Kina da shekara goma sha ɗaya kika shigo gidan, kuma har yau kina jira." Na yi kuka a gaban 'yar cikina har majina, ban damu ba. Da na sauko daga benen na ji ƙirjina sakayau, har na tsaya na sayi gasasshiyar masara na ci a hanya kamar 'yar makaranta.

Wata uku ina zuwa, ciwon ya yi sauƙi ƙwarai. A bencin nan na ga mutanen da ban zata ba. Na ga wani Alhaji mai shagon talabijin a kasuwarmu, wanda in ya yi tsawa yaransa suke rawar jiki, yana zaune ya haɗa gwiwa yana kallon silifas ɗinsa. Bai gan ni ba, ni ma ban gan shi ba, haka muka yi har yau. Na sha tunanin yadda garin nan ya cika da mutane, gidan biki a cike, gidan makoki a cike, ba ka isa ka yi atishawa ba a ce maka yarhamukallahu ba, amma duk mun hau bene a ɓoye wurin baƙuwar yarinya don ta ce mana ta ji. Da can ina da kakata. Ita ba ta tambaya, kitso take yi mini, in ta ji hawaye ya ɗiga a cinyarta sai ta rage jan gashin ta ci gaba. Tunda ta rasu ban sake samun cinyar da zan ɗora kai ba sai wannan kujerar roba, ita ma in agogo ya cika sai a tashi.

Da na tsaya nan da ya fi mini. Amma kwaɗayi ya kama ni. Na ga yarinyar nan ta iya ciro magana daga bakin mutum, sai na ce a raina me zai hana ta ciro daga bakin Inna. Kalma ɗaya nake so. Ta ce ni 'yarta ce, ta ce ta ga abin da nake yi, ko sau ɗaya, ko a ɗakin da ba kowa. Na ce wa likitar zan kawo ta.

Ba ta yi murna ba. Ta ce, "Na san alkunya, Hajiya, a cikinku na tashi. In ta zo ba ta faɗa ba fa? Za ki iya ɗauka?"

Na ce, "Uwata ce, na fi ki saninta. A gida ne take jin nauyin idon mutane."

Ta yi ta ja, na yi ta ja, har ta sakar mini. Duk tunaninmu, ni da ita, yana kan abin da zai faru a cikin ɗakin. Ba wadda ta tuna da benci.

Na aika wa Inna ta bakin auta cewa likitar da ke duba ƙirjina tana son ganinta. Ta ce Talata tana da suyar turare, sai dai Alhamis. Na kira likitar ta ce ba damuwa. Haka muka tafi mu uku a adaidaita sahu, Inna da sandarta da ƙullin turare da za ta ba likita, don ba ta zuwa wurin mutum hannu rabbana.

Muka hau benen da ƙyar muka tarar da bencin a cike, ranar likitan ƙwaƙwalwa ce. Wani magidanci 'yan'uwansa biyu sun riƙe shi, ga shatin igiya a wuyan hannunsa, yana yi wa bango huɗuba. Wata mata tana ta dariya ita kaɗai, uwarta tana gyara mata ɗankwali. Inna ba ta karatun boko, amma auta tana yi. Na ga ta ɗaga kai ta karanta allon da ke ƙofar kusa, ta sunkuya ta raɗa wa Inna wani abu a kunne. Inna ta dubi mutumin, ta dubi matar, sannan ta juyo ta dube ni. Ido cikin ido. Ni wawiya har na ji daɗi.

A ciki likitar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta karɓi turaren ta yi godiya. Ta yi bayani a hankali, ta ce jikina lafiya yake, damuwa ce ta taru mini a zuciya, kuma akwai abin da nake so in ji daga bakin mahaifiyata. Sannan ta ce, "Hajiya, wace ce wannan a wurinki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce, "Ita ta sani."

"Ta sani, amma tana so ta ji."

"Ikon Allah," in ji Inna. Ta juya tana kallon fanka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Duk abin da na shekara talatin da huɗu ina haɗiyewa ya fito a lokaci ɗaya, da ƙarfi, har na bencin suna ji. Na ce ni na wanke ki, ni na juya ki, ni na kwashe kashinki, aka tambaye ki kika ce ba ki haife ni ba. Na ce me na yi miki, laifina ne da na riga kowa zuwa? Na ce ki kira sunana, Inna, sunan da aka yanka mini rago, ki kira shi in ji. Ina faɗa ina dukan ƙirjina, ɗankwalina ya zame ya faɗi ƙasa. Auta ta manne da ƙofa. A gidanmu ba a taɓa jin muryata ta wuce tsakar gida ba.

Da na yi shiru Inna ba ni ta kalla ba. Likitar ta kalla, ta ce, "Likita, tun yaushe abin ya same ta?"

Likitar ta ce, "A'a Hajiya, ba abin da kike zato ba ne. Hankalinta ƙalau yake." Ta maimaita, ta sake maimaitawa da wasu kalmomin. Inna tana gyaɗa kai tana cewa to, to, Allah ya saka da alheri.

A adaidaita sahu muna komawa Fagge, daidai inda ake cunkoso wajen kasuwa, na ji hannu a kan nawa. Hannun Inna ne, mai kaushi da tabon ƙunar kasko. Ta damƙe yatsuna. Sannan ta kira sunana. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ta ce, "Sannu. Sannu kin ji? Allah zai ba ki lafiya." Na kifa kai a kafaɗarta, ba ta janye ba. Wallahi ban taɓa farin ciki irin na wannan tafiyar ba, har addu'a nake kada cunkoson ya saki.

Kwana goma na yi ina yawo a kan iska. Kullum in na tashi daga kasuwa sai na biya ta gidanmu don kawai in ji. Tana kira kuwa, a gaban kowa, ta sa a shimfiɗa mini tabarma kusa da ita, ta tambaye ni ko na ci abinci, ko na yi barci. Na gaya wa Iya, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar layi. Na lura dai Inna tana ja wa sunan a hankali, da ɗan ƙarfi, yadda ake yi wa kurma magana, amma na ce rashin sabo ne.

Auta ce ta fara zuwa karɓar makullin akwati, wai za a duba wata takarda. Bai dawo ba. Bayan nan na shiga gida wata Asabar na tarar da tabarmi a soro da ɓawon goro da ledojin alewa. Na tambaya, matar ƙanena ta ce ai sa ranar 'yar auta aka yi da safe. Ni da ko akuya za a saya a gidan sai an jira ni, aka sa ranar 'yar ƙanwata ban san ma an zo neman aurenta ba. Na shiga ɗakin Inna. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba.

Ta kira sunana, ta ce, "Zauna. Ba ma so a ɗora miki abin da zai tayar miki da ciwon."

Na ce, "Wane ciwo? Inna, me ya sa kike kiran sunana yanzu?"

Ta faɗa a sauƙaƙe, kamar tana gaya mini farashin gawayi. "Ai lalura ta kawar da kunya. Wanda Allah ya jarraba da irin wannan, an ɗauke masa alƙalami, ko sallah ba a kama shi da ita. Wa zan ji wa kunya kuma? Yanzu kulawa kike bukata."

Nan na gane abin da na yi. Shekarun nan duka da take kawar da kai, babbar mace take kawar wa kai, wadda take jin nauyinta. Ranar da ta ga 'yarta ta fari tana ihu ba ɗankwali a ɗakin da ke kusa da na masu taɓin hankali, sai ta sauke nauyin, don a ganinta wadda take jin nauyin ta tafi. Sunan da nake ta roƙo, mara lafiya aka ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, Allah ya sani. Na tara ƙannena na yi musu bayani dalla-dalla, suna cewa haka ne Yaya, gaskiya ne Yaya, suna satar kallon juna. In na yi fushi sai a ce ciwon ya motsa. In na yi shiru sai a ce dama haka yake sa mutum. In na yi dariya a wurin da ya kamata a yi dariya, sai in ga ana duban tsawon dariyar. Likitar da kanta ta kira Inna a waya, ta yi mata rantsuwa. Da aka kashe wayar Inna ta ce wa auta yarinyar tana da tarbiyya, likitan kirki ba ya faɗin gaskiyar ciwo don kada hankalin dangi ya tashi.

Na koma benen sau biyu bayan nan. Likitar ta ce ita ma da laifinta, da ta tuna ranar Alhamis ce da ba ta yarda ba. Na ga idonta ya kawo ruwa, sai na koma ni nake ba ta haƙuri. Ta ce mu ci gaba, za mu nemi yadda zan zauna da abin. Na yarda tana nufin alheri, kuma har gobe ina cewa ita ce mutum ta farko da ta saurare ni har ƙarshen magana. Amma abin da ta gani a kaina a ɗakin nan ya tsaya, ba ya sauka daga bene ya bi ni Fagge. Kuma duk Talatar da aka ga na nufi lungun, a gidanmu shaida ce cewa har yanzu ana magani. Sai na daina zuwa. Ƙirjin ya dawo, Iya ta koma fifita da murfin bokiti, yanzu ba ta cewa komai.

Shekara biyu ke nan. An yi bikin 'yar auta, an ba ni kujera mai laushi a inuwa, an hana ni taɓa ko cokali. An sayar da shagon ƙofar gida, a bakin mai shayi na ji. Mutanen unguwa suna gaishe ni da wata irin murya mai taushi, su ƙara da yaya ƙarfin jiki. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Da ma zagina suke da na san abin da zan rama.

Watan jiya na je gidan da azahar na tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida tana suyar turare. Ta tsufa sosai, hannunta yana karkarwa a kan ludayi. Na zauna a bakin murhu na karɓa ina juya mata itacen, sukari yana narkewa, ƙamshi ya cika gidan. Na daɗe ina shirya maganar a raina. Na ce, "Inna, ina roƙon wata alfarma."

Ta ce in faɗa.

Na ce, "Ki daina kiran sunana. Ki koma yadda muke da. Ki ce ke, ki aiko yara su gaya mini, ki kalli bango. Na yafe sunan."

Ta dube ni sosai, ta daɗe tana dubana, irin kallon da na yi shekaru ina mafarkinsa. Ba komai a cikinsa sai tausayi. Ta ce, "To. Duk yadda kike so haka za a yi." Da muryar da ake ce wa mai zazzaɓi gobe za a kai shi Makka ta faɗa.

Na ci gaba da juya turaren. Garwashi ya yi ƙara, wani ɗan tartsatsi ya tashi ya faɗa kusa da zanena. Inna ta miƙo hannu a hankali, kamar mai gudun kada ta firgita ni, ta zare ludayin daga hannuna. Ta kira sunana, ta ce, "Matsa daga wutar nan, kin ji? Koma can inuwa ki zauna."

Na tashi na koma inuwa na zauna.